Hattara Masu Neman Aiki da Iyayensu: Kada a Biya Ko Sisi

Jama'a, a yi hattara. Duk wanda ya ce maka yana da gurbin aiki a Kwastan, ko a NNPC, ko a Babban Banki, ko a wata ma'aikatar tarayya, amma sai ka fara turo kuɗi, to ka riƙe kuɗinka ka yi nesa da shi. Ko ɗan unguwarku ne. Ko a sahu ɗaya kuke sallah. Ko ya nuna maka hotonsa da wani babba a Abuja. Mai neman ma'aikaci shi ne yake biya. Idan aka juya lamarin aka ce kai mai nema kai za ka biya, to ba aiki ake son ba ka ba, abin hannunka ake so.

Ban ga laifin mai nema ba. Wanda ya gama bautar ƙasa shekara uku, huɗu, yana zaune a gida, ƙannensa na kallonsa, mahaifiyarsa na tashi da dare tana yi masa addu'a, shi ya san abin da yake ji. Ranar Asabar, 15 ga Maris, 2014, ƙasar nan ta ga iyakar inda matsin ya kai. Hukumar Shige da Fice ta kira jarrabawar ɗaukar ma'aikata, guraben ba su kai 5,000 ba, masu nema sun haura rabin miliyan, kowannensu ya biya naira 1,000 kuɗin fom. Aka yi turmutsitsi a babban filin wasa na Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 15 suka rasu, takardunsu a hannu. Wannan matsin bai ragu ba, kuma shi ne jarin 'yan damfara. Sun san mutumin da ya gaji da jira ba ya tsayawa dogon bincike.

Ga yadda suke yi, domin salon kusan ɗaya ne ko'ina. Dillalin ba zai nemi kuɗi da yawa tun farko ba. Zai ce ana cike gurbi a asirce, wasu sun yi ritaya, wasu sun rasu, ba za a tallata ba, na cikin gida kawai za a ɗauka, shi kuma oga ya ba shi gurbi biyu. Ka kawo takardunka da ɗan abin da za a buɗe fayil. Bayan mako guda sai ya turo maka jerin sunaye ta WhatsApp, ga sunanka na goma sha wani abu. Sai a kawo na oga. Sai takardar kama aiki ta iso, da tambarin gwamnati da sa hannu da lambar fayil, wadda duk yaron da ya iya kwamfuta a shagon buga takardu zai haɗa irinta cikin rabin awa. Daga nan sai kuɗin gwajin lafiya, sai kuɗin kaki, sai kuɗin shigar da suna cikin IPPIS don albashi ya fara sauka. Duk biyan da ka yi yana ƙara ɗaure ka, domin zuciya za ta riƙa ce maka tunda an zuba wancan, ai ba za a bari ya tafi a banza ba. Haka za a yi ta tatsa har sai an ga ƙarshen aljihun gidanku, sannan wayar ta daina shiga.

Abu biyu ba sa rabuwa da bakinsu. Na farko gaggawa: gobe za a rufe, akwai wanda ke jira da kuɗinsa a hannu. Na biyu shi ya fi ba ni takaici, domin da tarbiyyarmu suke yaƙarmu. Za a ce maka ka rufe bakinka, kada ka faɗa wa kowa sai abu ya tabbata, saboda baki da hassada. Mu kuwa mun taso an koya mana ɓoye alheri kafin ya nuna, sai mutum ya yi shiru, ya ƙi faɗa wa kawunsa da ya shekara talatin a aikin gwamnati, wanda kallo ɗaya zai yi wa takardar ya gane ta bogi ce. Shirun nan ba kariya ce daga maƙiya ba, katanga ce da ɓarawon ya gina tsakaninka da duk wanda zai iya ceto ka.

Sau da yawa ma wanda ya kawo maka maganar ba ɓarawo ba ne. Mutumin kirki ne da aka fara ruɗa, ya yarda, ya je ya tattaro 'ya'yan 'yan'uwa da na maƙwabta da niyyar taimako, kuɗin suka bi ta asusunsa. Ranar da asiri ya tonu, babban ɓarawon ya ɓace, shi aka bari da sammaci da ɓacin zumunci. Don haka amanar wanda ya kawo maka labari ba ta isa hujja ba. Tambayar ita ce, shi wa ya faɗa masa, kuma ya taɓa taka ofishin da ƙafarsa?

Na san abin da wani zai ce: ai wane ya saya, ga shi can yana karɓar albashi. Gaskiya ne ana sayar da aiki a ƙasar nan, ba wanda zai musa. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya zauna kan wannan badaƙala, har wani jami'i da ya riƙe teburin IPPIS a Hukumar Daidaita Rabon Guraben Aiki ta Tarayya ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi miliyoyin naira daga hannun masu neman aiki. Amma a dubi ɗaya gefen. A 2022 Shugabar Ma'aikatan Tarayya ta lokacin, Folasade Yemi-Esan, ta bayyana cewa an gano ma'aikata sama da 1,500 da suka shiga aiki da takardun bogi. Wato ko sunanka ya shiga, ko albashi ya fara sauka, ranar da aka zo tantancewa za a fitar da kai, ba kuɗinka, ba aikin, kuma ba bakin kai ƙara. Dokar ICPC ta 2000 ba ta bar mai bayarwa ba, hukuncin ɗaurin shekara bakwai ta tanadar wa mai ba da cin hanci kamar yadda ta tanadar wa mai karɓa. Addininmu ma bai raba su ba. Kuma gurbin da ka saya, haƙƙin wani ne da ya fi ka cancanta amma ubansa ba shi da gonar sayarwa.

Iyaye, da ku nake musamman a nan. Yawancin kuɗin da ake zubawa a wannan rami ba na yaran ba ne, naku ne. Gona ce ake jinginarwa, shanu ne ake kaiwa kasuwa, sarƙar uwa ce da kuɗin adashenta, wani lokaci har da ɗan abin sallamar da uba ya samu bayan ritaya. Idan ɗanku ya zo da maganar an samo masa hanya, kada tausayi ya sa ku miƙa kafin ku tambaya. Ku ce a kai ku ofishin. Ku ce za ku nuna wa wani tsohon ma'aikaci takardar. In dillalin ya fara ɓacin rai, yana cewa ba a yarda da shi ba, to kun sami amsarku.

Sai tarkon waya, wanda ya fi yaɗuwa yanzu domin ba ya buƙatar ɓarawon ya nuna fuskarsa. Kullum sai an turo saƙo a zaurukan WhatsApp da Facebook: an buɗe shafin ɗaukar soja, an dawo da N-Power, wata ƙungiyar agaji ta Majalisar Ɗinkin Duniya na neman ma'aikata, a tura wa mutum goma kafin a ci gaba. Kada ka latsa, kuma don Allah kada ka tura wa kowa. Ka dubi ƙarshen adireshin shafin. Na ma'aikatun gwamnatin Najeriya da gov.ng yake ƙarewa, na sojojin ƙasa da na ruwa da na sama da mil.ng. Duk wanda ya ƙare da wani abu daban, ko an cika shi da tutar ƙasa da hoton shugaban ƙasa, ka bar shi. Rundunar soja da 'yan sanda da hukumar CDCFIB mai ɗaukar ma'aikatan Shige da Fice da Sibil Difens da gidajen gyaran hali da kashe gobara, duk suna rubutawa ɓaro-ɓaro a sanarwarsu cewa neman aikinsu kyauta ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki. Shafin bogi kuwa ko bai nemi kuɗi ba, zai nemi lambar BVN da NIN da lambar katin cirar kuɗi, daga baya a kira ka a ce ka karanto lambobin da banki ya turo maka yanzu don a tabbatar da sunanka. Kana karantowa an kwashe asusun. Ba mai ɗaukar aiki na gaskiya da ke da hurumin neman lambar sirrinka.

Akwai kuma wanda ake kira aiki daga gida: ka latsa alamar so a bidiyo a biya ka, a fara ba ka 'yan dubbai don ka saki jiki, sannan a ce ka zuba naka don ka hau mataki na gaba. Wanda ya ga yadda shirin zuba kuɗi na MMM ya ƙare a 2016 da na CBEX a 2025 ya san ƙarshen wannan hanya. Mafi muni shi ne a ɗauke ka aikin da kai ne za ka zama makamin zamba ba ka sani ba, ko ka sani ka kau da kai. A Disamba 2024 EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Victoria Island da ke Legas, cikinsu har da 'yan China 148 da 'yan Filifins 40, sauran akasari matasan Najeriya ne da aka ɗauka aka ba su kwamfuta suna yaudarar mutanen ƙasashen waje. Haka nan wanda ya ce ka ara masa asusunka na banki kuɗi su riƙa wucewa yana ba ka la'ada. Ranar da aka biyo sawun kuɗin sata ko na fansa, sunanka za a tarar, ba nasa ba.

'Yan mata, ku saurara da kyau, domin a nan ba dukiya kaɗai ake rasawa ba. A Afrilu 2021 wata budurwa da ta gama jami'a a Uyo ta rubuta a Twitter cewa tana neman aiki. Wani ya amsa, ya kira ta ganawa a wajen gari. Ba ta dawo ba, gawarta aka tono a harabar gidan su mutumin. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Agusta 2022, amma hukuncin bai dawo wa danginta da ita ba. Ganawar neman aiki a ofis ake yin ta, da rana, a wurin da ke da allon suna da ma'aikata da maƙwabta da suka san da shi. Ba a ɗakin otal ba, ba a gidan mutum ba, ba a wurin da za a ce ki sauka a bakin titi za a turo mai babur ya ɗauke ki ba. Ki je da muharraminki ko wata babba, ya zauna a waje ya jira. Ki bar adireshin da lambar wanda ya kira ki a gida. Wanda ya ce dole ki zo ke kaɗai, kada ki je. Samari ma wannan ya shafe ku, a zamanin da ake sace mutum don kuɗin fansa.

Yanzu maganar ƙetare. A ƙasar Hausa babu tayin da ya fi saurin shiga zuciya kamar a ce za a kai mutum Saudiyya, ga aiki ga ibada. Da wannan ƙaunar ake kama mata da yawa, zawarawa da 'yan mata har da matan aure. Ejan zai ce shi zai yi fasfo da biza da tikiti, in an je a riƙa biyansa a hankali. Abin da ba zai faɗa ba shi ne, bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta aiki. Ranar da wa'adinta ya ƙare, matar ta zama marar izinin zama: ba ta iya kai ƙara in an hana ta albashi, tana tsoron asibiti, tana ɓuya in ta hango jami'ai, ƙarshenta kamu da tsarewa da koro. Wadda ta tafi da bizar aikatau ma, zamanta na ɗaure da mai gidan da ya ɗauko ta. In ya karɓe fasfonta, ko da yake dokar ƙasar ta hana hakan, in ya ƙwace wayarta, wa zai ji kukanta a cikin gida mai ƙofa a kulle? Bashin ejan kuwa ba ya ƙarewa, kullum ƙaruwa yake. Kafin a yarda da kowace tafiya, a ga yarjejeniyar aiki a rubuce, da sunan mai ɗauka da albashi da ranar hutu, a sa wanda ya iya harshen ya karanta. A tambayi ejan lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, domin doka ba ta yarda kowa ya ɗebi ma'aikata zuwa waje ba tare da shi ba, kuma a je ma'aikatar a tabbatar. Sannan kada a karɓi jaka ko ƙullin saƙo daga hannun kowa a filin jirgi, ko da an ce magani ne ko yaji. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne.

Ba Saudiyya kaɗai ba. A Afrilu 2020 wani mutum a Lebanon ya sa hoton fasfon wata 'yar aikin gida 'yar Najeriya a Facebook, ya yi mata farashi dala 1,000. A 2024 binciken kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna yadda aka kwashi 'yan matan Afirka masu shekara 18 zuwa 22 da sunan karatu da koyon sana'a a Alabuga da ke yankin Tatarstan na Rasha, suka tsinci kansu a masana'antar haɗa jiragen yaƙi marasa matuƙi. Wasu matasan an yi musu alkawarin aikin kwamfuta a Tailan, aka tsallaka da su Myanmar aka kulle su a sansanonin zamba, sai a farkon 2025 aka fito da dubbai daga yankin Myawaddy. Ta hanyar Sahara kuwa mu ne muka fi kowa sanin zafinta. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Ci-rani suka fita.

Ko a cikin gida, dillaliyar da ke zuwa ƙauye tana ɗibar ƙananan yara mata zuwa aikatau a Kano ko Abuja ko Legas, tana karɓe albashinsu, iyaye ba su san ko wace unguwa aka kai su ba, ita ma wannan sana'ar take yi. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida a hannun wasu.

To ta ina za a nema? Ba cewa nake a naɗe hannu ba. Aikin gwamnatin tarayya na gaskiya ana shelanta shi, ƙa'ida ma ita ce a buga a jaridun ƙasa aƙalla biyu a ba mutane mako shida, duk da cewa hukumomi da dama na neman a ɗage musu wannan sharaɗi, abin da ya buɗe ƙofar cuwa-cuwa. Ka riƙa leƙa shafin Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya da na hukumar jiharku da kanka, kana rubuta adireshin da hannunka. Ka cike fom da kanka, ko ka tsaya a kan mai shagon intanet har ya gama, da lambar wayarka da imel ɗinka, ba nasa ba. In kamfani ne, ka binciki rajistarsa a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kyauta ne, sannan ka je ka ga ginin, ka tambayi mai gadi da mai shayin bakin ƙofa ko da gaske ana ɗaukar mutane. Shafuka irin su Jobberman da LinkedIn ana samun aiki ta cikinsu, amma 'yan damfara ma suna saka talla a can, don haka binciken bai faɗi a kanka ba. Ka auna albashin da hankali: a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, wanda ya yi wa marar ƙwarewa alkawarin dubu ɗari biyar ba tare da jarrabawa ko ganawa ba, ruwa ba ya tsami banza. Takardun shaidarka na asali kuma ba a barin su a hannun kowa, kwafi ake bayarwa. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da hukumar samar da aiki ta ANPE, can ya kamata a fara tambaya kafin a saurari ɗan kamasho.

Kuma mu daina ɗaukar cewa aiki sai na ofis. Hukumar samar da ayyukan yi ta NDE na da ofis a kowace jiha, hukumar ITF na horar da masu sana'a, ga shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da aka fara a 2023. Tsohuwar hanyarmu ma tana nan da ranta: uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin amintaccen ubangida a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau ko Ƙofar Ruwa, ko garejin gyaran mota, ko wurin masu haɗa sola, a gaban shaidu, kowa ya san gidan kowa. Kuɗin da za a miƙa wa dillalin gurbi, in aka ba yaron da ya koyi sana'a, jari ne.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta rufe masa baki, da kunyar nan suke samun na gaba. Ka daina turawa daga yau, ko an ce saura biya ɗaya tak. Ka kira bankinka nan take, ka je reshe ka shigar da koke a rubuce, domin in an yi sauri akan iya tsayar da asusun da kuɗin suka shiga. Kada ka goge komai: saƙonni, rasit, lambar asusu, muryoyin da ya turo, takardar bogin. Ka kai wa 'yan sanda ko EFCC, tana da ofisoshi a Kano da Kaduna da Sakkwato da Gombe da Maiduguri. In ma'aikacin gwamnati ne ya nemi kuɗin, ICPC. Ka yi hankali da wanda zai ɓullo daga baya ya ce zai ƙwato maka kuɗinka in ka ba shi na mai, sau da yawa su ne dai suka sake shiga.

Limamai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin matasa da malaman Islamiyya, ku faɗi wannan a masallaci da wurin ɗaurin aure da makarantun matan aure, domin da yawa daga waɗanda ake cuta ba za su karanta wannan rubutu ba. Gidan da kuma ke da 'ya ko ɗa a waje, aka kwana biyu ba a ji muryarsa ba, ko yana kira yana kuka an riƙe masa fasfo, kada a tsaya jiran ejan ya gyara, kada kuma a ƙara masa kuɗi. A tattara sunan ejan da lambarsa da rasit da kwafin fasfo da sunan garin da aka ce an kai yaron, a tafi ofishin hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP mafi kusa, akwai a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Abuja, ko a kira 627. A yi shi yau, kafin a sauya masa gida ko a ƙwace wayar da yake kira da ita.